Babi na Shida: Na'urar da Aka Fito da Ita Bakin Titi

A shekarar 1968 mazauna wata unguwa a birnin San Faransisko na Amurka suka fara sabawa da wani mutum da ya haura shekara 50, wanda in dare ya yi sama kuma ta washe yakan girke wani ƙaton bututu a mahaɗar titin Jackson da na Broderick, ya dinga tare masu wucewa yana cewa su zo su ga wata. Ba ya karɓar ko sisi, ba kuma wata haja yake talla ba. Sunansa John Dobson. A wannan shekarar ne shi da wasu matasa biyu, Bruce Sams da Jeffery Roloff, suka kafa ƙungiyar masu duba sama a bakin titi, wadda manufarta ɗaya ce tak: a ɗauko na'urar hangen nesa a kai ta inda jama'a suke, maimakon a zauna ana jiran jama'a su neme ta. Abin da nake son kafa hujja a kansa a wannan babin shi ne cewa irin wannan zama na dare, inda talaka ke kafa idonsa a na'ura alhali wani masani na tsaye kusa da shi yana yi masa bayani, yana yin wani aiki da littafi da rediyo da waya ba za su iya ba. Yana ba mutum damar ya binciki maganar masana da kansa. A fannonin kimiyya kaf, da wuya a sami inda wannan dama take da araha kamar a ilimin sararin samaniya.

Tarihin Dobson kansa ya isa ya rushe zaton cewa wannan harka ta masu hannu da shuni ce. An haife shi a Beijin a 1915, iyayensa suka koma San Faransisko a 1927. Ya karanci kimiyyar sinadarai a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya kammala a 1943, shekara guda bayan haka ya shiga gidan ibadar Vedanta, wata tafiya ta addinin Hindu, inda ya shafe shekara 23 cikin gudun duniya, ba albashi ba dukiya. A can ne sha'awar sama ta kama shi, kuma da yake ba shi da kuɗin sayen na'ura, sai ya koma ga abin da wasu suka yar. Ya samo gilashin tagar jirgin ruwa, mai kauri, ya dinga goga shi da hannu har tsakiyarsa ta lotsa daidai yadda zai tattara haske wuri guda idan ya zama madubi. Gangar jikin na'urar kuwa bututun kwali ne, irin wanda magina ke zuba kankare a ciki in za su yi ginshiƙi. Mazauninta akwatin katako ne da ke juyawa dama da hagu, bututun kuma ya yi sama ko ƙasa da turin hannu. Yawan ficewarsa don nuna wa maƙwabta sama da taya su haɗa tasu na'urar shi ya ja aka sallame shi daga gidan ibadar a 1967. Bai taɓa yin rajistar mallakar fasahar ba, shi ya sa har yau duk mai so zai iya ƙera irinta, kamfanoni ma suna sayar da ita da sunansa. Ga kuma lissafin da ya sa tarkacen nan ke aiki: ƙwayar idon mutum in ta buɗe iyakar buɗewarta cikin duhu ba ta cika wuce milimita 7 ba, madubi mai faɗin santimita 30 kuwa, irin wanda Dobson ya goga, yana tara hasken da ya ninka na ido fiye da sau 1,800. Babban aikin na'urar ke nan, tara haske. Girmama abu yana biyo baya ne.

Yawancin abin da muka sani na kimiyya ji muka yi muka yarda. Ɗalibin sakandare yakan haddace cewa duniyoyi suna kewaya rana, ya rubuta a jarrabawa, ya ci, amma a ransa maganar tana zaune ne a jeri guda da duk wata magana da malam ya faɗa don a ci jarrabawa. Ba shi da hanyar gwada ta. Wanda aka gaya wa yadda ƙwayar zarra take, ko yadda ƙwayoyin gado suke, sai ya yarda ko ya ƙi, domin kayan binciken suna can inda ba zai taɓa shiga ba. Sama kuwa tana bisa kan kowa. A kai na'ura kan duniyar Mushtari, ko da ƙarama ce, mai kallo zai ga wani farin faifai da ɗige-ɗigen haske har huɗu a jere kusa da shi. A ce masa ya zana yadda ya gan su a takarda, ya dawo gobe. In ya dawo zai tarar sun sauya wuri, wataƙila ɗaya ma ya ɓace, domin wanda ya fi kusa da Mushtari cikinsu yana gama kewaya shi cikin kusan awa 42 da rabi, wani lokaci kuma yakan shige bayansa. Abin da masanin taurari Galileo ya gani ke nan a watan Janairu na 1610, ya kuma fahimci cewa ga wasu halittu a sama da ba duniyarmu suke kewayawa ba. Mutumin bakin titi da takardarsa ya maimaita binciken nan daga farko har ƙarshe, ba tare da ya dogara da amanar kowa ba. Haka abin yake ga Zuhura, wadda muke kira Zara in ta bayyana da magariba, Gamzaki in ta fito da asuba: a na'ura wani lokaci rabi ake ganinta, wani lokaci siririya mai lanƙwasa irin ta jinjirin wata, abin da ke nuna cewa hasken ba nata ba ne, na rana ne yake faɗa mata ta gefe guda. Wata kuwa ba daren sha huɗu ne lokacin kallonsa ba, ko da yake nan ne mutane suka fi ɗoki. A daren bakwai ko takwas, lokacin da rana ke haska shi a karkace, duwatsunsa suna jefa doguwar inuwa, ramukansa kuma su fito da zurfinsu a kan iyakar haske da duhu, har mutum ya ga cewa wuri ne mai tudu da kwari, ba fitila ba.

Mai ja da wannan magana zai ce ai zamani ya wuce nan. Na'urar Hubble tana sararin sama tun 1990, ta James Webb an harba ta a Disambar 2021, hotunansu kuma suna cikin wayar kowa kyauta, da launuka masu ɗaukar ido. Me zai sa a tara mutane cikin sauro da sanyi don su ga abin da bai kai rabin wannan kyau ba? Akwai gaskiya a ciki, kuma duk mai shirya irin wannan zama da bai yarda da ita ba zai kunyata. Tarin taurarin Andromeda, wanda hotonsa ke cika fuskar waya da shuɗi da ruwan zinariya, a ƙaramar na'ura wani ɗan toka-toka ne kawai, mai kama da hayaƙi. Wanda aka cika wa baki kafin ya leƙa zai ɗago kai yana tambayar ko shi ke nan. Sai dai hoto da leƙawa ba abu guda suke tabbatarwa ba. Hoto wani ne ya ɗauka, wani ya gyara launinsa, wani ya turo maka, kuma a yanzu da kwamfuta ke iya ƙirƙiro hoton abin da bai taɓa faruwa ba, mai shakka yana da dalilin shakkarsa. Ɗan toka-tokan nan kuwa ba wanda ya shiga tsakaninsa da idonka. Hasken ne da kansa, wanda ya baro can kimanin shekara miliyan 2.5 da suka wuce. Masanin taurari Abdurrahman as-Sufi ya ambace shi a littafinsa na siffofin taurari tun wajen shekarar 964, ya kwatanta shi da ɗan ƙaramin girgije, da ido kawai ya gan shi. Zuhal, shi ma ɗaya daga cikin duniyoyin, ya isa misali. Masu wannan aiki sun saba da mutumin da zai leƙa ya ga zoben da ke kewaye da shi, ya ja baya, ya zagaya gaban bututun yana duba ko an manna hoto a ciki. Wannan zagayawar ba rashin wayewa ba ce. Bincike ne, kuma shi ake nema.

Amma fa kada a ɗauka cewa da zarar an kafa ido magana ta ƙare. Mukan ce gani ya kori ji, tarihin na'urar hangen nesa kuwa ya nuna cewa ba kullum ba. A watan Afrilu na 1610 Galileo ya kai na'urarsa birnin Bolonya, gidan masanin taurari Giovanni Magini, aka tara malamai don su ga watannin Mushtari. Da yawansu suka leƙa suka ce ba su ga komai tabbatacce ba. Ba lallai ne a ce ƙarya suka yi ba: na'urar tana nuna ɗan ƙaramin fili ne na sama, tana rawa, idanunsu kuma ba su saba ba. Wani malamin falsafa a Padua, Cesare Cremonini, shi ko leƙawar ma ƙi ya yi. Darasin Bolonya shi ne leƙawa ma koyonta ake yi. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 cikin duhu kafin ya buɗe sosai, kuma hasken waya na daƙiƙa kaɗan ya isa ya mayar da shi baya, shi ya sa masu sana'ar ke amfani da tocila mai jan haske. Abu mai dishi-dishi ya fi fitowa in ka ɗan kauda ido gefe maimakon ka zuba masa ido kai-tsaye. Wanda bai taɓa leƙawa ba yakan kama bututun da hannu ya gusar da shi, ko ya kafa ido a karkace ya ga baƙi ƙirin, kunya kuma ta hana shi faɗa, ya ce ya gani alhali bai gani ba. Gogaggen mai nunawa yana gane haka, domin in wata ya shiga idon mutum ana ganin haskensa a kan ƙwayar idon, ana kuma jin sa a muryarsa. Nan ne jawabi yake shigowa. Na'ura ba tare da mai bayani ba abin mamaki ne na minti ɗaya, jawabi ba tare da na'ura ba kuma ya koma aji.

Irin jawabin ma abin dubawa ne. Mafi munin sa shi ne wanda malami zai zo da allon majigi ya yi awa guda yana jero nisan duniyoyi da miliyoyin kilomita, har yara su yi barci, wata kuma ya faɗi. Wanda ke aiki gajere ne, yana zuwa kafin leƙawa don a san abin da za a nema, ya dawo bayanta don amsa tambayoyi, kuma tambayoyin su ne rabin amfanin daren. Me ya sa abin ke zamewa daga cikin gilashi sai an sake turo bututun? Saboda juyawar ƙasa, digiri 15 kowace awa, wadda na'ura ke girmamawa kamar yadda take girmama komai. Me ya sa zoben Zuhal ba ya fitowa sosai a wasu shekarun? Saboda kusan duk shekara 15 yakan juyo mana gefensa, kamar yadda ya yi a 2009 da 2025. Wajibi ne kuma mai jawabi ya raba abin da ake gani da abin da yake ra'ayinsa, kuma a nan Dobson kansa bai tsira ba. Har ya mutu a Janairun 2014 yana da shekara 98 bai yarda da bayanin da mafi yawan masana suka tafi a kai game da farkon sararin samaniya ba, yana kuma yaɗa nasa ra'ayin a jawabansa. Hujjoji ba sa bayansa. Abin lura dai shi ne hanyar da ya koya wa mutane, wato su duba da kansu, ita ce maganin kurensa, ramukan wata kuma ba su canja ba don mai nuna su ya yi kuskure a wani wurin.

Akwai wata sukar da ta fi ta waya ƙarfi, wadda ke cewa dare ɗaya ba ya mai da kowa masani, alƙaluman da masu wannan aiki ke alfahari da su kuma ƙidayar kawuna ce kawai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2009 a matsayin shekarar ilimin taurari, don cikar shekara 400 da fara amfani da na'urar Galileo, kuma daga 2 zuwa 5 ga Afrilu aka yi awa 100 ana fito da na'urori tituna da filaye a faɗin duniya. Rahoton ƙarshe ya ce shirye-shiryen shekarar sun kai ga mutum miliyan 815 a ƙasashe 148. Adadi ne mai girma, amma a cikinsa har da wanda ya gani a talabijin, kuma bai gaya mana abin da ya rage a kan kowa bayan wata shida ba. Na yarda da wannan sukar, sai dai ina ganin ma'aunin ne ba daidai ba. Ba a auna zaman kallon sama da yawan farfesoshin da ya haifar, kamar yadda ba a auna karatun yaƙi da jahilci da yawan marubutan da ya fitar. Abin da ake nema shi ne jama'ar da ta taɓa ɗanɗana, ko sau ɗaya, cewa maganar masani abu ce da ake iya gwadawa ta kuma tsaya. Abin da sukar ke koyarwa da gaske shi ne biki na shekara-shekara bai kai zama na wata-wata daraja ba. Dobson kusurwa guda ya riƙe yana dawowa. Gidan kallon sama na Griffith a Los Anjelis, wanda aka buɗe a 1935, shiga kyauta, ya sa miliyoyin mutane sun leƙa na'ura guda ne ta hanyar buɗe ƙofa dare bayan dare.

Mai karatu a Kano ko Damagaram zai iya cewa wannan duk zancen ƙoshi ne, wanda bai ci abincin dare ba ina ruwansa da zoben Zuhal. Ba wanda zai ce a fifita na'ura a kan rijiya ko asibiti, amma ba a kasafi guda suke takara ba: na'ura guda da kafinta da mai gilashi za su iya haɗa mazauninta tana iya yi wa makarantu goma hidima shekara da shekaru, ba ta shan mai, ba ta jiran wuta. Wani abin ma, a wannan fage mu ne masu arziki. Taswirar gurɓatar dare da hasken lantarki da Fabio Falchi da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ta nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farar hanyar taurarin nan da ke keta tsakiyar sama, a Arewacin Amurka kusan kashi 80 cikin 100 ne, yayin da Chadi ke cikin ƙasashen da samansu ya fi tsabta. Abin da Bature ke tuƙa mota awanni don ya samu, makiyayi a Sahel yana kwana ƙarƙashinsa. Ba kuma a kan fanko za a fara gini ba. Manomin da ya san fitowar Kaza da 'Ya'yanta, da malamin zaure da ke lissafin taurarin damina bisa manziloli 28 masu kwana 13 kowannensu, mutane ne da suka riga suka saba lura da sama. Mai jawabin da ya zo yana yi musu kallon jahilai ya yi asarar abokan aikinsa na farko.

Sai batun addini, wanda bai kamata a kewaye shi ba. Mutane da yawa in sun ji an ce taurari, duba da bokanci ne ke faɗo musu, kuma suna da dalilin ƙyamar wannan. Amma lissafin tafiyar rana da wata don sanin lokacin salla da alƙibla tsohon aikin masallaci ne. Ibn ash-Shatir, ɗaya daga cikin manyan masana taurari na ƙarni na 14, ma'aikacin tsayar da lokutan salla ne a babban masallacin Umayyawa na Dimashƙa. Ingantaccen hadisi kuma ya nuna cewa da aka yi kusufin rana ranar rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mutane suka danganta abin da rasuwar, sai ya gyara musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne da ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarce su da salla. Rashin wannan fahimta yana da tsada. A Janairun 2001, da aka yi husufin wata, wasu matasa a Maiduguri sun ƙona otal-otal da mashaya bisa zargin cewa zunubin masu wuraren ne ya jawo shi, alhali an san ranarsa da sa'arsa shekaru kafin ya zo. Da aka zo kusufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda inuwarsa ta ratsa Ghana da Togo da Benin da Najeriya da Nijar da Chadi har zuwa Libiya, an yi ta sanarwa tun kafin ranar, kuma mutum ya ga duhu ya sauka a lokacin da aka ce zai sauka. Wanda ya ga haka ya je ya yi sallar kusufi bai rasa komai na imaninsa ba.

Ko a duban jinjirin watan azumi da na salla akwai riba a fili. Hukunci a Najeriya na Sarkin Musulmi ne da kwamitinsa, ba na mai na'ura ba. Amma shaidar da ya san inda wata zai tsaya daga inda rana ta faɗi, da yadda ƙahonninsa za su fuskanta, da cewa watan da bai kai kimanin awa 15 da haihuwa ba ido ba ya kama shi, ya fi wuya ya ɗauki Zara ko guntun girgije a matsayin wata. Irin wannan sani ba a aji ake samun sa ba, sai an tsaya a fili da magariba wata bayan wata tare da wanda ya iya.

Matsalolin da za su fi damun mai shirya irin wannan zama a ƙasar Hausa ba na aƙida ba ne, na yau da kullum ne. Hazon hunturu yana iya rufe sama mako guda cur, damina kuma ga hadari, don haka dararen da suka biyo bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba da farkon Nuwamba, sun fi dacewa. A wuraren da tsaro ya taɓarɓare, taron dare a bayan gari ba abin yi ba ne, amma wata da Mushtari da Zuhal ba sa bukatar daji, ana ganinsu sarai daga harabar makaranta a tsakiyar birni. In aka sa zaman bayan isha a dandali, maza da yara maza ne kawai za su zo, saboda haka sai an kai na'urar makarantun 'yan mata da Islamiyyoyin matan aure, tsakanin magariba da isha, wata macen kuma ta koyi sarrafa ta. Abu guda ne ba a sassauci a kansa: ba a taɓa juya na'ura ko tabarau mai hangen nesa wajen rana ba tare da matacin da aka yi musamman don haka ba, domin hasken da madubi ya tara yana ƙona ido nan take, kuma gilashin da aka shafa wa baƙin fitila ko tabarau na kwalliya ba sa karewa. Na'urar da aka bari a tsakar makaranta da rana sai an rufe bakinta an kuma sa babba ya tsare ta, don yaro da ya ga wata da ita jiya, rana zai nema da ita yau.